Malam Zauna da Mai Karanta Mita

Sunansa na yanka yana kan katin shaida, amma a unguwa babu mai kiransa da shi. Malam Zauna ake ce masa, domin duk safiyar Asabar da Lahadi, daga filin da ke bayan tsohuwar masana'antar sabulu, kalma ɗaya ce take tsallako katanga ta shiga gidajen mutane. Matarsa takan ce tun da ta aure shi ba ta ga wanda ya fi shi cewa "zauna" ba, ba ta kuma ga wanda ya fi shi rashin zama ba.

Horar da karnuka ne sana'arsa, kuma ba gado ya yi ba. Babansa tela ne, har ya rasu bai taɓa barin kare ya shinshina bakin shagonsa ba. Shi kuwa yana ɗan shekara ashirin da biyu ya samu aikin gadi a wani kamfani mai tsare rumbunan ajiya, aka ba shi tocila da kulki da wani jan kare mai yagaggen kunne, wanda ya fi shi daɗewa a aikin. Mai kula da karnukan kamfanin tsohon ɗan sanda ne, kowa Kofur yake ce masa ko da yake ya jima da tuɓe kaki. A hannunsa ya koyi yadda ake riƙe igiya ba a shaƙe kare ba, da yadda ake gane kare mai tsoro da kare mai mugunta tun daga tsayuwar kunne da bindi. Da Kofur ya tsufa ya koma wajen 'ya'yansa, sai ya bar masa usur da wani hannun riga mai kauri, ɗinkin buhu da tsohuwar robar taya, wanda ake zurawa a hannu a miƙa wa kare ya ciza.

Da ya bar gadi, aikinsa ya rabu gida biyu. Da safe a ƙarshen mako akwai aji. Masu karnuka sukan zo su jeru a fili, kowa da nasa a igiya: ma'aikatan banki, wata malamar makaranta mai ɗan kwikwiyo fari, wani likitan haƙori da karensa ke jan sa kamar akuya ta ga kasuwa. A nan ake koyon zama da kwanciya da tafiya a gefen ƙafa da zuwa idan an kira. Yawanci masu karnukan ne suka fi wuyar koyarwa. Sauran kwanakin kuwa na karnukan gadi ne, ɗaya bayan ɗaya, babu 'yan kallo. Su yake koya wa kamu: su damƙi hannun dama ƙasa da gwiwar hannu, su riƙe, kada su saki sai sun ji "saki" daga bakin da suka sani. Shekara goma sha tara yana wannan. Da shi ya yi rufin gidansa, da shi 'ya'yansa mata uku suka gama makaranta.

Wani mai sayar da katako ne ya kawo masa Guduma, baƙin kare mai faɗin ƙirji, bayan ɓarayi sun haura masa gida sau biyu. Wata huɗu Malam Zauna ya yi a kansa, kuma bai taɓa samun kare mai saurin ɗaukar karatu irinsa ba. Ranar da zai mayar da shi ya ce da Mai Katako, "Da rana a keji. Kuma ka sa wani a gidan ya saba da shi, kada ya zama muryarka kaɗai yake ji." Mai Katako ya ce babu damuwa, yana duba wayarsa.

Bayan kusan shekara, wata Talata da hantsi, yana tsugune a tsakar gida yana cire wa wani kwikwiyo kaska, waya ta yi ƙara. Mai Katako ne. Mai karanta mitar lantarki ya ƙwanƙwasa ƙofa, mai aikin gidan ta ce ya shigo, ba ta san an manta kejin a buɗe ba. Guduma ya damƙe mutumin, shi kuma Mai Katako yana shago. Sai da aka kira shi a waya, aka kara wayar kusa da kunnen karen ya yi ta cewa "saki", sannan Guduma ya buɗe baki.

Lokacin da Malam Zauna ya isa an riga an tafi da mutumin asibiti. Mai aikin tana wanke siminti da tiyo, tana kuka ƙasa-ƙasa. A gindin bango, ƙarƙashin mitar, akwai biro da takalmi wari ɗaya. Ya tambaye ta ina karen ya kama. Ta nuna hannunta na dama, ƙasa da gwiwar hannu. Abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne, kamun ya yi daidai. Ya tsaya yana jiran kunya ko tashin zuciya su biyo baya. Babu abin da ya zo. Ya ga dai tiyon yana yoyo a wajen haɗi, ya ce mata ta ɗaure shi da roba.

Da yamma likitan dabbobi ya zo da jakarsa, domin an yanke cewa karen ba zai kwana ba. Mai Katako ya shige ɗaki ya rufe. Guduma na ganin malaminsa ya fara kaɗa bindi. Malam Zauna ya sa masa takunkumi, ya kwantar da shi, ya riƙe kansa a cinya har aka yi allurar. Bai ɗauki minti biyu ba. Ya cire takunkumin ya naɗe igiyarsa, domin nasa ne, ya hau babur ya koma gida.

Matarsa ta riga ta ji labari. Ta ajiye masa abinci ta zauna a gefe tana kallonsa. Ya cinye tas.

"Baban yara, ka yi magana mana."

"Me zan ce?"

"Ko me. Ka zagi Mai Katako ma in ka ga dama."

"Gishiri ya ɗan yi yawa," ya ce.

Ita ce ta matsa masa ya je asibiti, a rana ta huɗu. Ta sayo lemu da madara ta zuba a leda ta rataya masa a babur. Ɗakin gado takwas ne, fanka ɗaya ke aiki. Mai karanta mitar siririn mutum ne mai tabarau, zai yi shekara arba'in da 'yan kai, hannunsa a naɗe da bandeji an ɗora shi kan matashi. Matarsa na zaune a bakin gado tana yi masa fifita da kwali.

"Sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin. Kai ne mai karen?"

"A'a. Ni ne na koya masa."

Matar ta daina fifita. Mutumin ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe yana duban sa.

"Ka iya aikinka," ya ce. Babu faɗa a muryar, kamar mai karanta lamba ne a bango. "Na buge shi da littafi, na buge shi da takalmi. Ko motsi bai yi ba."

Ya ce likita ya gaya masa jijiya ta tsinke, yatsu uku ba za su ƙara lanƙwasa ba. Malam Zauna ya ajiye ledar a kan 'yar durowa. Ya san a nan ne ya kamata ya ce a yafe masa, ya kuma faɗa, amma kalmomin suka fito kamar yadda yake cewa "mako mai zuwa ƙarfe bakwai" idan an tashi aji. Matar ta ce, "Ɗauki lemunka." Mijin ya ce ta bar shi, yara za su sha.

Bai zauna ya yanke shawarar daina karnukan gadi ba. Kawai dai duk wanda ya kira, sai ya ji bakinsa ya ce ba ya yi yanzu, har mutane suka gaji suka koma wajen wani. Hannun rigar Kofur yana rataye a bayan ƙofar ɗakin ajiya, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Ajin safe kuwa bai fasa ko sau ɗaya ba. Yana zuwa kan lokaci, yana hura usur, yana gyara wa likitan haƙori riƙon igiya. Malamar makaranta ta ce da shi wata rana, "Malam, kwana biyu ba ka yi mana tsawa." Ya ce ai sun iya ne. Sauran kwanakin mako yakan zauna a ƙofar gida kan benci, rediyo na magana ba ya saurare. 'Yarsa ta fari, wadda ke aiki a kantin magani, ta kawo masa maganin ƙarin jini. Ya sha har ya ƙare, don kada ta ji babu daɗi.

Wata biyar da faruwar abin, ana tsakiyar aji ya hango mutum tsaye a bayan shingen waya, can nesa da ƙofar fili, da jaka a kafaɗa. Bai matso ba sai da kare na ƙarshe ya shiga mota. Mai karanta mita ne. Hannun dama na cikin aljihu.

"Sun mayar da ni zagaye," ya ce bayan sun gaisa. "Da na zaci za su bar ni a ofis. Jiya gida goma sha ɗaya na tsallake. Ina jin kare na haushi a bayan ƙofa sai ƙafafuna su ƙi. Ko ɗan kwikwiyo ne." Ya gyara tabarau da hannun hagu. "Shekarata goma sha shida a wannan aiki, ban iya wani ba. Kai ka koya wa kare yadda zai kama ni. To ka koya mini yadda zan shiga gidan mutane."

Malam Zauna ya ce ya zo Laraba, lokacin babu kowa.

Yana da wata tsohuwar karya a gida, Kaka suke ce mata, haƙoranta sun zube saura kaɗan, aikinta barci a ƙarƙashin tankin ruwa. Ita ya kawo. Ranar farko ya ɗaure ta a turken ragar ƙwallo, mutumin ya tsaya a tsakiyar fili, taku talatin tsakaninsu, gumi na zuba har ya jiƙa masa kwalar riga. Kaka ta yi hamma ta kwanta. Ba su yi komai ba sai tsayuwa. Laraba ta biyu taku ashirin. Daga nan ya fara nuna masa abin da ya sani, amma ta ɗaya gefen: ka girgiza ƙofa ka saurara kafin ka tura, kada ka shiga sai mai gida ya fito ka gan shi da idonka, ka ba kare gefenka ba ƙirjinka ba, kada ka zuba masa ido, jaka a gabanka, in za a ciza a ciji jaka. Kada ka gudu. Ya nuna masa bambancin kare mai yawan haushi da wanda ya yi tsit ya sunkuyar da kai.

"Wancan bai yi haushi ba," in ji mai mita.

"Ba zai yi ba. Na hana shi."

Mutumin ya gyaɗa kai, suka ci gaba.

A mako na bakwai ya shafa kan Kaka da hannun hagu, ya ce gashinta kamar tsohuwar tabarmar ƙofa. A na tara ya zo da abokan aikinsa biyu. Su suka kawo wani mai kai saƙo a babur, wanda kare ya taɓa yaga wa wando, shi kuma ya kawo mata biyu masu bi gida-gida suna rigakafi. Kafin shekara ta zagayo, ajin Laraba ya fi na Asabar cika, kuma babu mai kare ko ɗaya a cikinsu. Matarsa ta ce, "Karnuka sun ƙare ka koma kan mutane. Saura ni da surukanka." Ya ɗan murmusa. Ta lura.

Shi da mai mita ba su zama abokai ba. Ba su taɓa shan shayi tare ba, kuma matar mutumin har yau idan ta gan shi a hanya sai ta tsallaka titi. Wani lokaci yakan tambayi kansa ko abin da yake yi ranar Laraba neman gafara ne, sai ya duba cikinsa ya tarar da wurin shiru kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Ya daina dubawa.

Daga baya aka sauya wa mai mita layi, unguwar Malam Zauna ta faɗo a cikin nasa. Wata Litinin da rana ya girgiza ƙofarsu ya jira, har matar gidan ta leƙo ta ce ya shigo. Ya tsaya gaban mita, ya tokare littafin a ƙirji da tsintsiyar hannun dama, ya rubuta da hagu a hankali.

"A ofis sun ce takwas ɗina da uku duk ɗaya ne," ya ce. "Ka duba da kyau idan takarda ta zo."

Ta kawo masa ruwa a kofi, ya sha rabi ya yi godiya. Malam Zauna ya raka shi bakin ƙofa. Gidan da ke kallon nasu akwai karnuka biyu, kuma tun kafin mutumin ya ƙarasa suka fara. Ya tsaya, ya jawo jakar gabansa, ya jira mai gidan ya fito, sannan ya shiga a karkace. Malam Zauna yana nan tsaye har ya ga fitowarsa ya nufi gida na gaba. Sai ya koma ciki ya tambayi matarsa ina makullin babur, domin mahauci ya ce ya zo ya kwasar wa karnuka ƙasusuwa kafin ƙarfe uku.