Babur Mai Ƙanshin Ƙosai

Tun da na yi wayo, Baba bai taɓa fashin zuwa Roni ranar Juma'a ba. Wansa ne a can, wanda muke kira Baffa, ya tsufa, idanunsa sun tafi. Da, a keke Baba ke zuwa daga Kazaure. Shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowane ma'aikaci ya hau ƙarfe, ni ma na saya masa babur mai feda, irin wanda tun daga kamfani aka ƙayyade masa gudu. Na ce daidai dattijo ke nan.

Bai shekara ba babur ya fara ciwon kasala. A murɗa totur har ƙarshe, sai gurnani kamar zai tashi sama, amma jaki mai kaya ya wuce shi. In an zo hawa sai Baba ya sauka ya tura. Wata Juma'a ya dawo yana dafe da ƙirji, sai babban wana ya yanke hukunci: an gama zuwa Roni. Abin da ya fi ɓata mini rai, Baba bai yi musu ba.

"Abin hawa ya san mahayinsa," in ji shi. "Ƙarfina ne ya ƙare."

Juma'a biyu yana zaune a zaure, babbar riga a jiki, ba inda za shi. Ni kuwa ba na yarda da maganar da ba a kwance ta da sifana ba. Na tura babur wurin wani tsohon bakanike a bakin kasuwa, na lallaɓa Baba ya biyo ni.

Bakanike ya cire fulogi ya goge, ba sauyi. Ya wanke kafireta, haka nan. Ya duba waya, ya duba birki ko yana riƙewa. Can ya tayar da injin, ya durƙusa bayan salansa yana shaƙar hayaƙi.

"Baba, wa yake suyar ƙosai a cikin babur ɗin nan?"

Irin wannan injin, sai an haɗa fetur da baƙin mai. Ashe Baba ya raina baƙin man, ya ce ƙazanta ce. Man gyaɗar da Inna ke matsewa da hannunta yake tsiyayawa a tanki.

"Abin da ya riƙe mutum shekara saba'in, zai kasa riƙe ƙarfe?" Baba ya tambaya, ko a jikinsa.

Na yi dariya har da hawaye, kuma rabin hawayen na sauƙin zuciya ne. Ba Baba ne ya ƙare ba, salansa ce ta toshe. Aka ƙone ta a wuta, aka kakkaɓe dasƙararren baƙi kamar ƙanzo.

Sai dai bakanike ya ja ni gefe ya ce ko an gyara, babur ɗin ya yi wa dattijo nauyi. Ya nuna mana wani ƙarami da aka kawo sayarwa, mai wurin ajiye ƙafa a gaba, ba sai an ɗaga ƙafa an ƙetara ba. Ya kwantar da shi a yashi ya ce ƙa'idarsa ɗaya ce: kada tsoho ya hau abin da ba zai iya tayarwa shi kaɗai ba. Baba ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya ɗaga shi tsaye. Nan take muka saye shi. Da wana ya ji labari, ya janye hukuncinsa.

Ranar Juma'a na bi shi a baya da nawa babur. Muka tarar da Baffa a kan tabarma a ƙofar gida, fuskarsa na fuskantar hanya. Har muka tsaya bai motsa ba, sai da Baba ya yi sallama.

"Kai ne?" Baffa ya miƙo hannu yana lalube. "Ai ban ji ƙanshin ƙosan ba."

"Na sake babur, Yaya."

Baffa ya kama hannunsa ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

"Juma'a biyu ina nan ina baza hanci," ya ce. "Na ɗauka mutuwarka suke ɓoye mini."