Ƙafar Hambali da bakin Zaid

Raini na gida ciwo ne, kuma ya fi muni idan mai rainin ya ci ya ƙoshi daga hannun wanda yake rainawa. Wannan ciwon ne ya kama wani yaro a Kuala Lumpur. Shi ya sa yau za a ɗaga sunan Malam Hambali kowa ya ji, kafin ya tattara ya koma Kano.

Shekara da shekaru, da an idar da sallar asuba Hambali yake barin unguwar Danau Kota zuwa Bukit Bintang, inda yake aiki a shagon wani dattijo Bajapane mai suna Murata. Taliyar Japanawa ake yi a wurin, mai kaurin nan da ake kira udon. Kwaɓinta tauri gare shi, hannu ba ya iya masa. Sai a naɗe shi a leda mai kauri, a rufa ƙyalle, mutum ya wanke ƙafa ya sa safa, ya hau yana takawa. Haka suke yi a ƙasarsu, haka Murata ya koya masa. Ranar farko sai da Hambali ya yi istigfari, don shi ma a gidan da ake dukan yaro in ya tsallake kwano ya tashi.

Da korona ta zo aka kulle gari, shago ya koma sai tapau, a ƙunsa maka ka wuce. Ɗalibanmu kuwa aike ya yanke daga gida, wasu ruwan zafi da biskit suke wuni da shi. Hambali ya roƙi Murata fulawa da murhu. In an tashi aiki sai ya sake hawa kwaɓi, ya dafa da romon kaza, ya bi benayen Danau Kota yana rataye ƙunshi a ƙofofi. Ba ya ƙwanƙwasawa, don kada yaro ya ji kunya.

Cikin ɗaliban da ke ci har da Zaid, ɗan masu hali da ya taɓa zuwa hutu Osaka ta ƙasar Japan. Ba a zama da shi bai lissafo wuraren cin abincinsa na can ba: gidan taliya na lungu kaza, mai sushi, shinkafa da ɗanyen kifi, na cikin kasuwa, shagon kek na bakin tasha. A can ya ga ana taka kwaɓi, ya ɗauka a waya, ya ce fasaha ce.

Ran nan ya biyo shagon, ya leƙa ta ƙofar baya, ya ɗauki hoton ƙafafun Hambali kawai a kan kwaɓi, ya watsa a zauren WhatsApp na 'yan Najeriya: "Ga abin da kuke ci fa. Ƙafar Baba ce sirrin daɗin."

Hambali ya kira shi.

"Zaid, ba kai ka nuna min ana yin haka a Osaka ba?"

"Haba Baba, wasa ne fa. Kuma su ai Japanawa ne, tsafta gare su."

"Ni kuma fa, ɗana?"

Yaron ya kashe waya.

Wasa! Washegari ƙunshi ya kwana a ƙofofi har ya yi tsami. Murata ya ji tsoron ɓacin sunan shagonsa, ya ce dafa sadaka ya ƙare. Abin da ya hana Hambali sukuni ba zagin ba ne. Ya san bayan ƙofofin nan akwai cikin da ba komai, ga shi an sa musu ƙyamar abu ɗaya da ke zuwa musu.

Hajiya Ɗelu, mai sayar da mayafai a kasuwar Masjid India, bene ɗaya suke da Hambali. Ita ta tare shi a matakala.

"Malam, kawo kwaɓin nan falona. Ƙofa a buɗe za ka taka, mai ido ya leƙo."

Haka aka yi. Ta ja kujera bakin ƙofa, ta sauke takunkumin fuska, ta cinye kwanon farko tana ɗaga murya: "Ku sauko, 'yan banza, kafin in gama da tukunyar!" Suka sauko ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye.

Malam Hambali, kai ne aka zaga da ƙafarka, ka sake hawa kwaɓi da ita don masu zagin su ci. Ba ka nemi a ba ka haƙuri ba, ba ka cire ƙofar kowa daga zagayenka ba. Gwiwarka ta gaji yanzu, mun sani. Allah Ya saka maka, Ya kai ka gida lafiya. Ku kuma samari, in kun ga namu yana sana'a, ku tambaya kafin ku ɗaga waya.

Shi kuwa Zaid, ga abin da wasansa ya ci masa. An fitar da shi daga zauren. Ƙungiyar ɗalibai ta karɓe muƙamin da ta ba shi. Abokan ɗakinsa suka kwashe kayansu. Murata ya ce kada ya ƙara taka masa shago. Har yau in ya buɗe baki zai yi zancen Osaka, sai ka ga mutane sun tashi sun bar masa wurin.