Wa Ya Ba Jakin Lawwali Ruwa?

Asabar ɗin da ta wuce mun sha gardama a zamanmu na masu son karatu. Mu mata ne 'yan kaɗan a Sakkwato, mukan haɗu a gidan ɗayarmu bayan la'asar, kowa ta faɗi abin da ta karanta da yadda ta ji shi. Hajiya Rabi ta ce littafin wannan karon ya sa ta kuka har mai gidanta ya tambaye ta ko rasuwa aka yi. Wata ta ce ita zaƙin soyayyar ya yi mata yawa, ya gundure ta tun a tsakiya. Ni ina gefe ina shan zoɓona, sai suka juyo kaina gaba ɗaya suna dariya: "To, Malama Kulu, jakin hwa?" Akwai wata yarinya sabuwar zuwa a cikinmu. Baiwar Allah ta shiga buɗe shafuka tana dubawa, ta ce wallahi ita ba ta ga jaki a littafin nan ba. Na ce mata ta rufe littafin ta huta, jakin nan ya girme ta nesa ba kusa ba.

A wani ƙauye kusa da Dandin Mahe na tashi, a gidan noman gero da albasa. Kakata ta wajen uba, Kaka Tumba, ita ce rediyonmu. Da an gama girbi sanyi ya fara shiga, za ta sa a tara mata kara da busasshen kashin shanu a ƙofar ɗakinta. Ana idar da magariba a ci tuwo, sai ta hura wuta, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta. Tana da nata salon buɗe tatsuniya. Takan ce, "Ga ta nan tahe da ƙahwahunta," mu kuma mu amsa, "Ta zamna mu gan ta!" Mace ce mai tsiya da ban dariya. In ka yi gyangyaɗi ta jefe ka da ɓawon gyaɗa, in ka yi tambayar wauta ta saka sunanka cikin labarin, ka zama wanda kura ta kora har ya yar da wandonsa.

Sai ga shekarar da Yaya Balki, 'yar ƙanen babana, ta zo hutu daga makarantar horon malamai da wani littafin Hausa a cikin akwatinta. Tsohon littafi ne da ta saya hannun wata ɗaliba, ko bango ba shi da shi. Ranar farko ta kunna fitilar ƙwai a ɗakin uwarta ta fara karantawa a fili, mu uku muna saurare. Kafin mako ya zagayo duk yaran da ke zama wurin Kaka sun koma can. Kai, abin ya tafi da mu! Ga mota, ga birni, ga bene, ga mutane masu suna irin namu, ba zomo da kura da muka haddace ba.

Kaka ba ta kira kowa ya dawo ba. Amma kullum da magariba sai ta hura wutarta, ta tura gyaɗa cikin toka daidai yadda ta saba, ta zauna ita kaɗai. Da safe mu tarar da gyaɗar a ƙoƙo a bakin ƙofa, mu kwashe mu cinye, ko a jikinmu. Wata rana na ji tana ce wa Innarmu, tana dariya, "Takarda ta kwashe min jama'a. Bari in ga ko takardar ta iya gasa gujiya."

Shekarun ƙarshe ne na mulkin farar hula na biyu, lokacin da aka shiga tsuke bakin aljihu. Sabulu ya yi wuya, sukari ya zama sai gidan biki, kananzir kuwa sai a je har Bodinga a dawo da kwalba wayam. Da ɗan abin da ya rage ya kusa ƙarewa, mahaifin Yaya Balki, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya kafa doka: fitila ta duba maras lafiya ce da neman kunama, ba ta karatun ƙarya ba. Da rana kuwa babu mai sararin zama, ga surfe, ga ɗiban ruwa, ga ban ruwan albasa a fadama. Haske ɗaya ya rage a gidan bayan magariba, shi ne wutar Kaka.

Haka muka lallaɓa muka je, Yaya Balki a gaba da littafi a hammata, muna sunkuyar da kai. Kaka ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"A'a! Baƙi munka yi? Daga wane gari?"

"Kaka, haske muke so ki ara mana," in ji Yaya Balki.

"Wuta tawa ta, ɗiyata. Ku zamna. Amma wurin wutag ga ba a ba da labari a hana ni tambaya."

Aka koma farko saboda ita. Labarin wani saurayi ne, Lawwali, da ya gaji da noma. Ya hau jakinsa zuwa tasha ranar kasuwa, ya ɗaure shi a gindin tsamiya, ya ce wa kansa zai leƙa birni ya dawo kafin la'asar. Ya faɗa mota, birni ya riƙe shi. Ya yi dako, ya yi gadi, ya zama yaron shago, har 'yar mai shagon ta fara aiko masa da abinci a ɓoye. Yaya Balki na cikin karanta yadda zuciyarsa ke bugawa, sai Kaka ta ɗaga hannu.

"Dakata. Jakin hwa?"

"Wane jaki, Kaka?"

"Wanda yad ɗaure ga tsamiya. Wa yab ba shi ruwa?"

Muka fashe da dariya. Yaya Balki ta ce marubucin bai faɗa ba tukuna, wataƙila sai gaba. Kaka ta ce to, tana jira.

Daga ranar zaman ya canza. Ana gama babi sai a rufe littafi a shiga shari'a. Kaka ta ce yarinyar tana da kirki amma ba ta da wayo, wa ke zuba wa namiji nama tun bai gaida ubanta ba? Yaya Balki ta tsaya wa yarinyar da ƙarfinta, ta ce zamani ya canza. Kaka ta yaba wa marubucin inda ya kwatanta yunwar baƙo a birni, ta ce wannan mutum ya taɓa kwana da yunwa, ba ji ya yi a bakin wani ba. Inda ya sa Lawwali ya yi magana mai tsawo a gaban alƙali kuwa, ta ce ƙarya ce, ɗan ƙauye a gaban alƙali ko sunansa sai an tuna masa. Har mu ƙanana sai ta bi mu da tambaya: "Ke Kulu, mi kig gani?" In na ce ya yi daɗi, ta ce daɗi na miya ne, in faɗi abin da na gani. A nan na fara sanin cewa ana iya son littafi kuma a yi faɗa da shi. Matan maƙwabta suka fara zuwa da kujerunsu, taron ya fi na da. Kuma kowane dare, kafin a tashi sallar isha'i, sai ta tambaya: "Jakin hwa?"

Saura kaɗan a gama, Lawwali ya yi arziki yana shirin komawa gida da amarya, sai aka yi ɓarna. Ranar kasuwar Bodinga Baba Ƙarami zai kai irin albasa, ya rasa takardar ƙunshi. Ya ga littafin a kan tabarma, ya ɗaga murya ya tambayi Yaya Balki, tana can tana daka, ko sun gama da farkon. Ta ce sun gama tuntuni, ba ta san dalilin tambayar ba. Shi kuwa duk karatunsa na allo ne da littattafan addini, waɗanda ake buɗewa daga dama. Ya juya littafin yadda ya saba, ya yage abin da yake ganin shi ne farko, ya ƙunshe irinsa tsaf. Kafin azahar ƙarshen labarin Lawwali ya watse a aljihunan manoma, wani ya yi Kajiji, wani ya yi Shagari.

Da magariba Yaya Balki ta buɗe littafi ta ga wayam. Ta fashe da kuka, mu ma muka taya ta. Baba Ƙarami ya tsaya yana rantsuwa shi farkon ya cira, ga shi ma ya bar mana ƙarshen lafiya lau. Matan da suka zo suka fara ɗaukar kujerunsu. Na dubi Kaka, na ga tana kallon yadda wurin ke watsewa. Sai ta tura kara cikin wuta, ta gyara zama.

"Ga ta nan tahe da ƙahwahunta."

Masu ɗaukar kujeru suka tsaya. Sannan wata murya daga baya ta ce, "Ta zamna mu gan ta." Aka mayar da kujeru.

Ta ce jakin Lawwali ya tsaya a gindin tsamiya har la'asar, har kasuwa ta watse. Da duhu ya yi kura ta zo ta ce, "Bawan Allah, an yashe ka. Zo in kwance ka in raka ka gida." Jaki ya ce ya gode, ta matso ta bayansa igiyar ta fi sauƙin kwancewa. Ta matso, ya ba ta ƙafa biyu a haƙora. Da safe wata mai tallan fura ta ga halin da yake ciki ta ba shi ruwan wankin ƙwarya, ta kuma mayar da abin al'ada. Damina ta zo, gara ta cinye igiyar, ciyawa ta fito har gindin tsamiyar. Mutane suka yi ta korarsa ya tafi, ya ƙi. Shekaru suka wuce, aka yi sabuwar hanya, aka tashi tashar, aka sare itatuwa, tsamiyar kaɗai aka bari saboda jakin ya ƙi matsawa.

Ran nan sai ga Lawwali a mota da amarya, da almuru. Ya duba gabas ya duba yamma, bai gane komai ba. Ya bi wata hanya, mota ta kafe a yashi. Amarya ta fara kuka tana cewa a mayar da ita gidan ubanta. Can sai suka ji kukan jaki. A nan Kaka ta yi kukan jakin da bakinta, har Baba Ƙarami ya ƙware don dariya. Lawwali ya bi kukan ya iske tsamiya, ya iske jakinsa ya yi furfura. Kunya ta kama shi, ya durƙusa yana laluben igiya zai kwance, bai samu ba. Sai jakin ya ce, "Igiya ta ruɓe tun daminar farko. Na tsaya ne don kada ka dawo ka rasa inda za ka same ni." Aka ɗora amarya da dogayen takalmanta a kan jaki, tana ihu tana riƙe kunnuwansa, ya kai su har ƙofar uwar Lawwali.

"Na kai ta gida, na ja mata ƙyaure," in ji Kaka, yadda ta saba rufe tatsuniya. "Ku tashi ku yi salla."

Ba a tashi ba sai da aka yi shari'ar wannan ma. Yaya Balki ta ce jaki ba ya magana a littafin boko, Kaka ta ce shi ya sa littafin boko ke mantawa da shi. Har hutun ya ƙare ana gardama, kuma ko da kananzir ya dawo, babu wanda ya sake komawa wurin fitila. Duk littafin da Yaya Balki ta kawo bayan nan, a gaban wutar Kaka aka karanta shi.

Na daɗe da zama malama, Kaka ta daɗe da rasuwa, sannan na ci karo da littafin nan cikakke a wurin mai sayar da tsofaffin littattafai. A tsaye na karanta ƙarshen. An yi biki, an yi kiɗa, Lawwali ya gina wa uwarsa gidan kwano. Ƙarshe ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma na bi shi layi layi har kalmar ƙarshe, babu jaki. Na yi dariya ni kaɗai har mai littattafan ya dube ni.

Shi ya sa duk littafin da muka karanta a zamanmu nakan nemi wanda marubuci ya ɗaure a babin farko ya manta da shi: ƙanwar da aka aika sayen gishiri, tsohon da ya ba da rancen kuɗin mota, uwar da aka ce za a rubuto mata. Ƙawayena sun mayar da abin tsokana, ni kuwa ina jin daɗinsa.

Wannan yarinya sabuwar zuwa, da na gama ba ta labarin, ba ta yi dariya ba. Sai ta ce, "Malama, to ai labarin kanta Kaka ta ba ku, ita ce ta yi ta hura wuta babu kowa a wurin." Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai ƙoƙon gyaɗar nan na bakin ƙofa ya faɗo mini a rai. Tsawon shekarun nan ina ba da labarin jakin Lawwali ina dariya, ina ganin tsiyar Kaka ce kawai. Ashe a gaban idonmu ta faɗa mana abin da ya sa ba ta bar wutar ta mutu ba, muna ta tauna gyaɗarta muna ƙyaƙyata kukan jaki. Hajiya Rabi ta miƙo mini gefen mayafinta, ta ce yau dai an rama mata, ni ma littafi ya sa ni kuka. Na ce mata a'a, wannan ba littafi ba ne, kakata ce.