Motar Ado ta tafi da noti a kwance

Don Allah ku saurare ni yanzu, maƙwabciyata Talatu ce ke rubuta min.

Ɗana Sale mai faci ya kawo injin kwance noti mai batir, ya gwada shi a kan tayar motar Ado direba. Ya kwance notin, amma bai ɗaure tam ba.

Na ce, "Haka za ka bar ta?"

Ya ce, "Inna, wannan ba ƙarfi. Bari in je Karaye in canzo babba."

Ina cikin sallah Ado ya ja motarsa, farar bas cike da mata masu gyaɗa, ya yi hanyar Beli. Wayarsa ba ta shiga.

Duk wanda ke bakin hanyar ya tare shi. Ku bar Sale tukuna, Ado za a fara gaya wa.