Tambaya ta Sha Huɗu

Shekara talatin ke nan ana auna Mai Sikeli. Duk bayan shekara biyu wata ma'aikaciyar lafiya takan zo da jakarta, ta ɗora shi a kan ma'auni, ta zagaye cikinsa da tef, ta ɗebi jini kaɗan, sannan ta buɗe takardar tambayoyi. Shi da matarsa suna cikin mutum dubu arba'in da suka yarda a bi rayuwarsu har ƙarshenta, don a gano abin da ke kashe mutane da wuri da abin da ke barinsu su yi furfura. Ma'aikatan sun yi ta canzawa, ɗaya ma ta riga shi kwanta dama. Tambayoyin ne kawai ba sa tsufa.

Gyaran sikeli ne sana'arsa. Shagonsa ƙofa ɗaya, babu taga. A gaba tebur ne cike da sifirin da duwatsun awo, a baya keken ɗinkin matarsa. Ba ya hawa ma'aunin ma'aikaciya sai ya gwada shi tukuna. "Wannan naku yana cin rabin kilo," yakan ce, ya ɗauko sukuddireba.

Ranar zuwan farko surukinsa na zaune a ɗakin. Aka zo tambaya ta sha huɗu: yana shan taba? Kafin ya buɗe baki matarsa ta ce, "Ba ya sha." Ta rufa masa asiri ne a gaban mahaifinta. Tsohon ya rasu ba da jimawa ba, amma amsar ta riga ta samu wurin zama, kuma duk zuwa sai ta ƙara nauyin gyarawa. Alhali kara goma yake sha a rana, a cikin shagon, ƙofa a saye, ita tana ɗinki a bayansa. Bai taɓa kunnawa a gida ba. 'Ya'yansu sun tashi suna zaton warin dalma ne a rigarsa.

Bara waccan matarsa ta rasu da ciwon huhu. Shi kuwa ya daina sha a makon da aka kwantar da ita.

Bayan haka masu binciken suka aiko wa kowa takardar abin da suka gano. An raba mamatan gida biyu, waɗanda suka zauna cikin hayaƙin taba da waɗanda ba su zauna ba, kowane da layinsa yana gangarawa. Ya daɗe yana kallon layi na biyu. A nan aka sa ta. Mutum ne da ba ya iya barin sikeli ya fita daga shagonsa da kuskuren giram biyar.

Sai dai kunnensa ya yi nauyi. Ba ya jin ma'aikaciya sai Auta, ƙaramar 'yarsa da ta yi jinyar uwar wata bakwai, ta maimaita masa da ƙarfi. Duk abin da zai gyara, a gabanta zai gyara shi, kuma ita kaɗai ce ta rage masa a gidan.

Ma'aikaciyar bana yarinya ce mai saurin magana. Ta zo da hantsi.

"Baba, ka ƙara kilo biyu. Me Auta ke ba ka?"

"Faɗa take ba ni, 'yata, safe da yamma," in ji shi bayan an maimaita. "Yana sa ƙiba."

Suka yi dariya. Aka wuce barci, aka wuce gishiri, aka zo ta sha huɗu. Ma'aikaciyar ba ta ma ɗaga kai ba.

"Ba ya sha," in ji Auta. "Wuce."

Ya ga inda alƙalamin ya nufa. "Dakata. Ta taba ce? Na sha."

"Baba, taba aka ce. Sigari!"

"Na ji. Kara goma a rana. A shago."

Ma'aikaciyar ta dubi Auta, ta dubi takarda, sannan ta zaro wani fom daga ƙasan jaka. Ta ce in za a gyara tsohuwar amsa akwai wasu tambayoyi. Ta karanta ta farko a hankali. Sai da ya juyo yana jiran Auta sannan ta maimaita masa.

"Wai akwai wanda ke zama tare da kai a wurin?"

"Mamarku."

"Shekara nawa?"

"Ashirin da takwas a cikin takardarku. Da shida kafin ku fara zuwa."

Alƙalami ya yi ta tafiya. Ya tambaya ko za a ɗauke ta daga wancan layi a mayar da ita inda ya dace. Ma'aikaciyar ta ce za a mayar, amma mutum ɗaya cikin dubu arba'in ba zai motsa layin yadda ido zai gani ba.

"Na sani," in ji shi. "A dai mayar."

Auta ta faɗi wata magana ƙasa-ƙasa, idonta a kan tabarma. Ya ga leɓenta na motsi.

"Me kika ce?"

Ta karɓi fom ɗin, ta ɗora masa a gwiwa, ta nuna masa wurin da yatsa.

"Cewa na yi ka sa hannu."

Ya sa.