Lemar da Baffa Bai Buɗe Ba

Ana idar da sallar asuba motarmu ta bar sansanin alhazai na Kano zuwa filin jirgi, ni da Baffana, ƙanin mahaifina da ya riƙe ni tun ina shekara bakwai. Masu bibiyata kun san sana'ata: fassara fina-finan Indiya da na Turawa. Muryata kuke ji a bakin jarumi, ita ce a bakin bos, har uwar jarumi nakan yi idan ta kama. Kun dame ni da saƙo, wai me ya sa na yi shiru tun da na dawo. To ga dalilin, kuma ku yi haƙuri, yau dariyar kaɗan ce.

Baffa manomi ne, ya haura saba'in, kuma shekara talatin yana maganar wannan tafiya. Bai taɓa shiga jirgi ba. Da muka lula sama ya damƙe carbinsa, ya raɗa mini in tambayo ko direban ya karya kumallo.

Sai na ɗan koma baya kafin mu sauka. Na halaka duniya da bakina ya fi a ƙirga. A fim ɗin Turawa, idan yanayi zai ɓaci, sai an fara nuno wani masani mai tabarau yana nuna taswira, manya su ƙi saurarensa, gari ya yi baƙi, kiɗa ya canza, sannan teku ta taso ta haɗiye dogayen gidaje. Jama'a su yi ta mutuwa daga nesa, ba a ganin fuskar kowa, amma jarumi da matarsa da karensu sai sun tsira. Karen nan dai ban taɓa ganin ya mutu ba. Na Indiyawa ya fi kusa da mu: ƙauye, rijiya ta ƙafe, mata da tulu a ka, wani mai kamfani ya tare kogi ko ya zuba masa guba. Jarumi ya zo ya lakaɗa masa duka, ana gamawa sama ta ɓalle da ruwa, a hau rawa cikin taɓo. Sau ɗaya Baffa ya taɓa zama ya kalli aikina, kuma irin wannan ne. Da aka nuno rijiyar ya ce tasu ce sak, don sau uku yana ƙara wa tasa zurfi. Da ruwa ya sauko bayan an daki bos, sai ya miƙe ya ɗauki takalmansa, ya ce sun fara ƙarya.

Daga Jidda mota ta kai mu Makka, masaukinmu a Jarwal. Unguwa ce mai hawa da gangara, tsofaffin gidaje sun maƙale a gindin dogayen otal-otal. Zafin garin kuwa, ni da na tashi a Kano na ɗauka na san rana, ashe sannu kawai muke yi da ita. Bango huci yake yi. Ruwan famfo sai ka tara shi a bokiti ya huce kafin ka yi alwala. Na'urorin sanyaya ɗaki suna sanyaya na ciki, suna feso wa na titi wuta a fuska. Tantabaru kansu baki buɗe suke tsayawa a inuwa, ga robobin ruwa tsibi-tsibi, masu shara suna kwashewa wasu na taruwa.

A wani lungu ƙamshin daddawa ya ja mu wurin wata Hajiya mai sayar da tuwo da miyar kuka. A Jarwal aka haife ta. Kakanta ne ya taso da ƙafa daga ƙasar Kano, ta Chadi da Sudan, bai koma ba. Hausarta irin ta tsofaffi ce, an cakuɗa da Larabci: ruwa moya, lema shamsiyya. Malmala biyu riyal goma, na fara juya shi zuwa naira a raina, Baffa ya ce in zan ci in ci. Ta ƙare masa kallo, ta ce mini lallai in saya wa tsohon nan shamsiyya, don zafin yanzu ba na yarintarta ba ne, su 'yan gari ma daga hantsi zuwa la'asar ba mai fita sai dole. Ta ce za mu haɗu a Mina, an ɗauke ta aikin girki a tantunanmu. A ranar na sayo lema biyu.

Ranar da muka ɗaura haramin Hajji na miƙa wa Baffa tasa, ya ƙi karɓa. Kun san namiji mai harami ba ya rufe kai. Malamin tawagarmu ya yi bayani a gaban kowa cewa lema ba hula ba ce, tunda ba ta taɓa kai, kuma ga lalura. Baffa ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, muka koma ɗaki ya ce shi malamin da ya biya masa littafi a zaure ya ce inuwar gini da ta tanti babu laifi, amma abin da mutum zai ɗaga a kansa yana tafiya, akwai magana a ciki. Na ce ko da akwai, ai sai a yi fidiya.

"Hajjina ɗaya ne," in ji shi. "Ba zan kai wa Ubangiji mai faci ba."

Tun da nake ban taɓa mayar wa Baffa magana sau biyu ba, kuma wannan tarbiyyar ce ta cuce ni. Na jefa lemarsa a jakata da ledarta.

Ranar Arfa lafiya lau, muna cikin tanti. Ina jin sa yana roƙa wa ƙauyensu damina, yana kiran gonaki ɗaya bayan ɗaya da sunayen masu su. Muka kwana a Muzdalifa, muka tsinci duwatsu. Da gari ya waye motoci suka cushe, ba gaba ba baya, muka bi sahun masu takawa zuwa Mina. Mun isa tanti hantsi ya ɗaga, ƙafafunsa sun kumbura. Aka yi ta shela cewa tsofaffi su wakilta wani ya yi musu jifa, ko su bari sai rana ta yi sanyi. Na ce ya ba ni duwatsunsa. Ya ce shi da Shaiɗan akwai tsohuwar magana, ba ta aike ba ce. Na yi dariya, Allah ya yafe mini, na bi shi.

Hanyar wurin jifa doguwa ce, kwalta ce zalla. Ma'aikata suna ta fesa wa mutane ruwa a fuska suna miƙa na sha, amma kafin ka yi taku ashirin ka bushe. Na buɗe lemata ina karkato ta kansa a sace. Ya gane, ya matsa gefe, ya ce kada in ɓata masa Hajji. A bakin hanya ga mutane zaune, ga wasu kwance an lulluɓe su da mayafin haraminsu. Wallahi da farko na ɗauka hutawa suke yi. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu, ba kiɗa, ba ihu, ba mai gudu. Sai ƙarar silifa da Labbaika.

Ya yi jifansa bakwai da hannunsa, yana kabbara da ƙarfi. A hanyar dawowa na lura gumin da ke tsiyaya a ƙeyarsa ya tsaya, fatarsa ta bushe. Jama'a, murna na yi. Na ce a raina jikin manomi ne, ya saba da ranar. Can ya fara kirana da sunan mahaifina, wanda ya rasu shekara talatin da wani abu, yana tambaya ko an shayar da shanu. Na ce gajiya ce. Ni ina jiran abin da na saba gani a fim ne, mutum ya dafe ƙirji, ya yi tangaɗi, ya faɗi, a taru a kansa. Tunda yana tafiya da ƙafarsa, na ɗauka da saura. Da muka iso layin tantunanmu na zaunar da shi a inuwa, na ba shi ruwa ya kurɓa, na ce ya huta kafin in nemo mai aski.

Hajiya mai tuwo ce ta fito daga wurin girki da faranti a hannu. Ta gaishe shi bai amsa daidai ba. Ta sa bayan hannunta a goshinsa, ta juyo kaina.

"Tun yaushe ya daina gumi?"

Na ce tun wajen jifa. Ta saki farantin. Ta ƙwala kira da Larabci, ta jawo kular ƙanƙara ta juye masa tun daga ka, ta cusa ƙanƙara a hammatarsa da wuyansa, tana ce mini in yi ta fifita da kwali. Masu motar asibiti ba su ɓata lokaci ba, sun yi iya yinsu. Baffa ya cika kafin la'asar, ko aski bai samu yi ba.

Da yake da harami ya rasu, a cikin mayafansa biyu aka sa shi, kuma ba a rufe masa kai ba. Aka sallace shi a Masallacin Harami cikin jerin gawawwaki da ban iya ƙirgawa ba. Na tsaya ina kallon furfurarsa a waje har aka sa shi a kabari, babu suna babu alama.

Kafin mu bar Makka na koma Jarwal yi wa Hajiya godiya. Da ta ji sana'ata ta ce ta san muryata, don takan kunna wa jikokinta fassararmu ko sa ji Hausa, su da Larabci ya cinye musu baki. Ta ce abin da ke ba ta haushi da fina-finan nan, kowa ya san lokacin gudu. Ta ƙi karɓar kuɗin tuwon ranar, ta ce in na koma in faɗa wa mutane maganar gumin.

Mun sauka Kano da rana tsaka, na zarce ƙauye. Damina ta yi jinkiri, geron da aka shuka ya lanƙwashe. Masu ta'aziyya suna ta cewa Baffa ya dace, wa zai samu irin wannan cikawa. Ina cewa amin, kuma har zuciyata ina yi masa fatan haka, amma abin bai daina cin raina ba. Na miƙa wa Inna, matarsa, jakarsa. Ta zazzage: carbi, dabino, sai lemar da na cire daga tawa jakar na sa ciki, ko ledarta ba a cire ba. Ta juya ta a hannu, ta dube ni, ta ajiye ta gefe. Da ta tambaye ni yadda aka yi, da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koyo, Turawa sun koya mini jiran ƙara, Indiyawa sun koya mini neman wanda za a daka. Abin da ya ɗauki Baffa bai yi ƙara ba, kuma ban ga wanda zan shaƙe ba, sai ni da na kasa cewa a'a sau biyu.

Makon jiya na koma situdiyo. Fim ɗin farko da aka ba ni na Turawa ne, duniya ta ƙone, jarumi yana ratsa hamada da wani tsoho. Akwai wurin da ya juya ya yi masa doguwar magana a kan bege. Na danna maɓallin ɗauka, na sa masa tawa maganar a baki: idan tsoho yana cikin rana ka ga gumi ya ɗauke masa, ko ya fara kiran matattu, kada ka jira ya faɗi, ka jiƙa shi da ruwan sanyi ka nemi asibiti, ko zai tsine maka. Mai situdiyo ya cire abin kunnensa ya ce ai ba haka Baturen ya faɗa ba. Na ce na sani, a bar shi haka.