Simintin da Yaya Ummaru Ya Hana Mu Shafawa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Ummaru. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya girme ni da shekara shida. Shi ya yi boko ya zama ma'aikacin gine-gine na gwamnati, ni kuwa na gaji rumfar yadin mahaifinmu a kasuwa. Wataƙila shi ya sa duk abin da ba ya ƙyalli ba ya burge ni.

Sau ɗaya aka tura shi kwas Ingila. Mu muna nan muna jiran agogo da rediyo, sai ga mutumin ya dawo da jaka cike da hotuna. Ba na Landan ba, ba na manyan gadoji ba. Coci-coci ne na ƙauyukan Turawa, tsofaffi tukuf, na dutse, kowanne da hasumiyarsa da kaburbura kewaye da shi, tumaki na kiwo a gefe. Ashe duk Asabar mota yake hawa ya bi ƙauye-ƙauye yana kallon su. Gwaggonmu Hajiya Inno ta juya hoto ɗaya, ta sake juyawa, ta ce, "Ummaru, jikan malamai, wagga ita ta tsarabar da kaz zo muna da ita?"

Dariya kawai ya yi. Ya ce ba ibadarsu ya je koyo ba, tamu ta ishe shi. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne wasu daga cikin gine-ginen nan suna tsaye tun ɗaruruwan shekaru kafin a kafa garinmu, a ƙauyukan da mutanensu ba su kai na unguwarmu yawa ba. Ya ga dattijo mai furfura a kan tsani yana kwashe ganye daga hanyar ruwan rufi. Wani tsohon magini kuma ya nuna masa bangon da aka taɓa liƙe wa siminti: ruwa ya shiga ya rasa mafita, dutse ya riƙa marmashewa, har suka koma ɓamɓare simintin suna mayar da farar ƙasa irin ta da. Wannan labarin na ji shi a bakin Yaya har na haddace, na kuma gaji da shi.

Dalilin yawan maimaita shi kuwa masallacinmu ne na unguwar Ƙofar Rini a nan Sakkwato, wanda kakan kakanmu ya gina da tubali ya rufa da azara. Al'adar unguwa ita ce duk shekara kafin damina a fito a yi masa yaɓe: maza su kwaɓa ƙasa da ciyawa su tattaka, mata su aiko da fura. Yaya hutu yake ɗauka saboda ranar, ya naɗe wando ya shiga taɓo har gwiwa. Ni kunya nake ji. Masallatan maƙwabta duk an shafe su da siminti an yi fenti, namu kuwa kamar rumbun gero. Na sha tayar da maganar, amsarsa guda ce: "Nasiru, in ruwa ya shiga tsakanin ƙasa da siminti, ta ina za shi hita? Bar bangon ga shi sha iska."

Ya rasu bayan gajeriyar jinya, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ko shekara ba a yi ba na tara jama'a muka shafe masallacin da siminti ciki da waje, muka yi masa koren fenti. Aka yi ta sa mini albarka, ni kuma ina hura hanci. Ranar yaɓe ta mutu, tunda babu abin da za a yaɓe.

Damina huɗu muka ci lafiya. A ta biyar liman ya ce yana jin warin danshi wajen alƙibla. Na ƙwanƙwasa bangon, na ji yana ƙara kamar ƙwarya. Ruwan ƙasarmu daga gabas yake zuwa da iskarsa, bangon gabas yake fara duka. Wata safiya bayan hadari, simintin ya ɓallo faifai guda ya zube, ƙasar da ke bayansa ta jiƙe ta yi laɓo-laɓo. Allah Ya kiyaye, babu kowa a ciki.

Nan 'yan kwamitin masallacin, yawancinsu 'ya'yanmu da suka koma sabuwar unguwa ta Arkilla, suka ce ginin ƙasa ya gama yayinsa, a rushe a ɗora na bulo da tayil. Ban ga laifinsu ba, abin da idonsu ya gani suka faɗa. Amma na san in aka rushe, za a ce ƙasa ce ta gaza, alhali ni na shaƙe ta. Na miƙe cikin taro na ce, "Jama'a, bangon ga bai yi laihi ba, ni niy yi. Ku ba ni damina guda." Ni na fara ɗaukar guduma na fasa simintin da na yi alfahari da shi. Muka nemo wani magini a Ƙofar Dundaye da bai manta aikin tubali ba, ya sake ɗora inda ya rushe. Damina ta zo ta wuce, bango bai motsa ba, maganar rushewa ta bi ruwa.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce in ya ga Sakkwato ta yau, inda ake tayar da tsoffin zaurukan gado ana dasa shaguna. Ba na jin zai yi faɗa, ba halinsa ba ne. Zai tsaya ya tambayi wanda zai riƙa duba sabon ginin bayan mai shi ya tafi. Abin da ya gano a ƙauyukan nan na Ingila ke nan, ni kuma sai da bango ya zube na gane: ba ƙarfin dutse ne ya tsayar da coci-cocinsu ba, mutane ne ba su daina dawowa da tsani ba.

Muƙaminsa na ofis an manta da shi, gidajen gwamnatin da ya duba gininsu ba wanda ya san da hannunsa. Abin da ya rage nasa shi ne ranar yaɓe, wadda ta dawo, da masallacin da ake rububin shiga da azahar a tsakiyar bazara saboda sanyinsa. Ya tafi yana ganin ban ji maganarsa ba, kuma gaskiya ne, ban ji ba. Wannan yana ci mini rai har gobe.

Bana gwiwata ta hana ni shiga taɓo, sai na zauna a kujera ina kallo. Ɗana babba, injiniya guda, ya matso ya ce, "Baba, ko ƙasan bangon kaɗai a ɗan sa mishi siminti?" Na buɗe baki na fara ba shi labarin wani tsohon magini a Ingila, na ga yana murmushi yana kau da kai, irin yadda nake yi. Allah Ya jiƙanka, Yaya Ummaru. Yanzu ni ake gajiya da shi.